Daga Fijo zuwa 'Yar Kwatano: Tarihin Ɗaurin Noti a Ƙasar Auyo

A ƙarƙashin mota akwai wani ƙarfe da ke haɗa taya da gangar jiki, wanda kanikawanmu ke kira lowa am. Ana ɗaure shi da noti ta cikin wata roba mai suna bushin, kuma kamfanin da ya ƙera motar ya ƙayyade ƙarfin wannan ɗauri, ya rubuta a littafi. A yawancin garejojin Auyo da Haɗejiya kuwa, hannun maigida ne ma'auni: a ja sifana har ta cije, in ana son ƙarin natsuwa a zura mata bututu a taka da ƙafa. Wannan al'ada tana da asali.

Asalin nata shi ne Peugeot 504, wadda muke kira fijo. Ta fito a Faransa a 1968, kuma a 1975 masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara harhaɗa motoci. Fijo ta zama motar ma'aikacin gwamnati da ta direban haya tsakanin Kano da Haɗejiya. A kanta aka yaye dubban yaran gareji. Mota ce mai haƙuri, ƙarafanta masu kauri, ko an ɗan wuce kima wurin ɗauri takan jure. Wanda ya shekara ashirin yana kwance noti iri ɗaya, hannunsa kan san inda zai tsaya, kuma a ganina wannan ilimi ne na gaske, ko da ba a rubuce yake ba.

Daga 1986, da shirin SAP na gwamnatin Babangida ya karya darajar naira, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci. 'Yan Kwatano suka cika tasha: Golf, Toyota, Honda, kowace da lissafinta. Wasu na baya-bayan nan ƙafafunsu na alminiyam ne, wasu kuma notinsu an yi shi ne don ya miƙe sau ɗaya, in an kwance sai a canja sabo. Hannun da ya ƙware a kan fijo sai ya ci gaba da ɗaure su da tsohon awo.

Ƙasar Auyo ba ta yafe irin wannan kuskure. Fadama ce; tun bayan madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 tafiyar Kogin Haɗejiya ta sauya, kachala ta toshe hanyoyin ruwa, ambaliya irin ta 2022 ta cinye tituna. Motar da ta ɗauko buhunan shinkafa daga gonakin rani tana ratsa taɓo da ramuka. Notin da bai ɗauru ba girgiza ke sassauta shi, wanda aka matse fiye da kima kuma ya riga ya raunana, rami ɗaya ya ishe shi. Tsatsa ma tana yaudara, domin mafi yawan ƙarfin da ake sawa a sifana yana ƙarewa ne wurin gogayya. Noti mai tsatsa kan cije tun bai kama ba.

Abin mamaki, maganin ya girmi fijo da shekara hamsin. Ana danganta sifana mai awo ga Conrad Bahr, ma'aikacin hukumar ruwa ta birnin New York, wanda ya ƙirƙiro ta a 1918 don a daina matse notin bututun ruwa fiye da kima. Sai dai awo kaɗai bai isa ba a lowa am. Irin bushin ɗin da ya fi yawa murɗewa yake yi, ba juyawa ba. In aka ƙarasa ɗauri mota na kan jek, taya na reto, da an sauke ta robar za ta zauna a murɗe, ta tsage da wuri, a ɗora laifin a kan jabun kaya. Ɗauri na ƙarshe sai nauyin mota ya sauka a kan tayoyinta, shi ya sa garejin da ke da rami ya fi dacewa da wannan aiki.