Tarihin Fitilun Ƙari a Gingimarin Garwa

Duk wanda ya bi ta unguwar Pumpumre a birnin Garwa bayan sallar La'asar, ya ga mai wayarin ya duƙa gaban wata gingimari, filaya a hannu, yaronsa riƙe da ƙullin waya, suna ɗaura manyan fitilu biyu bisa ƙarfen gaba, zai zaci ado ne kurum; alhali kuwa lalura ce ta haifi wannan sana'a, kuma asalinta yana komawa ga zamanin da kogi ya sallama wa hanya ragamar fatauci.

A da, kogin Binuwai shi ne ƙofar Garwa. Tun kafin Jamusawa su ci garin a 1901, har zamanin Faransawa da suka gaje su bayan yaƙin 1915, jiragen ruwa ke hauro da gishiri da yadi, su gangara da gyaɗa da auduga, amma sai cikin 'yan watannin damina, sa'ad da kogi ya kawo. Da yaƙin basasar Nijeriya ya tsinke wannan zirga-zirga daga 1967, sannan layin dogo ya iso Ngaundare a 1974, shekarar da aka kafa kamfanin auduga na SODECOTON, sai akasarin kaya suka koma bayan mota, daga tashar jirgin ƙasa zuwa Garwa, zuwa Marwa da Kusuri, har ƙasar Cadi.

To, wannan hanya ba ta da sauƙi, domin ga gangaren dutsen Ngaundare mai kwana-kwana, ga garken shanu, ga hazon hunturu. Zafin bazara kuma yakan tilasta wa direba tafiyar dare saboda tausayin taya da inji. Fitilun da motocin Faransa irin su Berliet suka zo da su rawaya ne, bisa dokar da ƙasar ta kafa a 1936 ba ta kuma janye ba sai 1993, haskensu mai taushi ga ido amma gajere ga dajin da babu lantarki. Saboda haka direbobi suka nemi ƙari, wato fitilun hangen nesa da ake kira lon-porte da Faransanci, musamman bayan ƙwan halojin ya bayyana a Turai a 1962.

Masu wayarin na farko sun koyi ilimin nan da gumi. Sun fahimci cewa babbar mota batir biyu gare ta masu haɗa bolt 24, wanda duk ya sa mata ƙwan ƙaramar mota mai bolt 12, nan take ƙwan zai ƙone; sun gane cewa makunni ba ya jure nauyin wuta, sai a sa rile ya ɗauki kayan, shi makunni ya zama mai ba da umarni kawai; sun kuma tabbatar cewa fis kusa da batir shi ne garkuwa, gama siririyar waya in ta yi zafi ta narke, mota cike da auduga ba ta jiran 'yan kwana-kwana. Gwanin cikinsu yakan kankare tsatsa kafin ya ɗaure wayar jiki, ya kuma haɗa fitilun da babbar wuta, yadda in direba ya rage, su mutu tare.

Wannan hikima ta ƙarshe ita ce ladabin sana'ar, ita ce kuma ke neman ɓacewa yau da fararen fitilun LED suka yi arha, har kowa ke jera su barkatai suna kashe idon mai tahowa. Malaman fiƙihu sun daɗe da karantar da mu cewa bai halatta mutum ya nemi maslahar kansa ta hanyar cutar da ɗan'uwansa ba. Don haka, ya ku direbobi da masu wayarin, ku riƙe amanar magabatanku: ku sa fis, ku sunkuyar da fitila, ku rage wuta in kun hangi mota. Allah ya kai kowa gida lafiya, amin.