Tarihin Gane Ƙwayoyin Sinadari ta Kafar Nano

Kafar nano wani ɗan rami ne da faɗinsa bai wuce 'yan nanomita ba, wanda ake hudawa a jikin tantani mai raba ruwan gishiri gida biyu. Idan aka sa lantarki, ƙwayoyin gishirin kan kwarara ta cikin ramin. Duk abin da ya zo wucewa zai rage kwararar na ɗan lokaci, kamar yadda tsakuwa kan rage ruwan indararo. Daga yawan raguwar da tsawonta ake gane abin da ya wuce.

Asalin dabarar na Wallace Coulter ne, injiniya a Chicago, wanda ya samu haƙƙin mallakarta a 1953 don ƙidayar ƙwayoyin jini. Har gobe asibitoci na amfani da na'urorin da aka gina a kanta. A 1970 DeBlois da Bean na kamfanin General Electric suka rage girman ramin har ya iya tantance abubuwan da ba su kai mikiromita ɗaya ba.

A 1989 David Deamer ya zana a littafinsa cewa idan zaren DNA ya bi ta ramin furotin, kowanne daga haruffansa huɗu zai tare lantarki ta tasa siga. A 1996 shi da John Kasianowicz da Eric Brandin da Daniel Branton suka nuna cewa zaren na wucewa ta alfa-hemolisin, gubar da ƙwayar cuta Staphylococcus aureus ke huda ƙwayoyin jini da ita. Wurin da ramin ya fi matsewa kusan nanomita 1.4 ne, zare ɗaya tak ke shiga.

Sai dai ganin wucewar zare daban, karanta shi daban. Nan gizo ke saƙa. Kowane harafi kan wuce cikin 'yan mikirodaƙiƙa, hayaniyar lantarki ta rufe alamarsa, ga shi wuyan ramin ya yi tsawo har haruffa da dama na zama a ciki lokaci guda. An shafe fiye da shekara goma ana fama, wasu masana har sun fid da rai. Mafita ta zo daga wuri biyu. Ɗakin binciken Mark Akeson a Santa Cruz ya ɗaura wa zaren wani furotin mai suna phi29, wanda ke sakinsa harafi bayan harafi. Jens Gundlach a Jami'ar Washington kuwa ya yi amfani da ramin MspA mai gajeren wuya. A 2012 aka haɗa biyun, karatu ya fito. Wannan birki na phi29, a gaskiya, shi ne ginshiƙin fannin, ko da yake ba a cika ambatonsa ba.

Kamfanin Oxford Nanopore, wanda aka kafa a 2005 bisa binciken Hagan Bayley, ya raba na'urar MinION mai karanta DNA ta kafar nano ga masu bincike a 2014. Tana shiga aljihu, ana jona ta da kwamfutar tafi-da-gidanka. A 2015 an karanta ƙwayar Ebola da ita a Gini, a 2016 kuma 'yar sama jannati Kate Rubins ta gwada ta a tashar sararin samaniya.

Da zazzaɓin Lassa ya yi ƙamari a Nijeriya a 2018, an ji tsoron ko sabon nau'i ne mai saurin yaɗuwa tsakanin mutane. A asibitin koyarwa na Irrua da ke Jihar Edo aka karanta samfuran majinyata da MinION. Sakamakon ya nuna cewa galibin masu cutar daga ɓeraye suka ɗauko ta.