Gobero: Lokacin Da Hamada Take Tafki

1/ Jama'a, akwai hoton wani kabari da na kasa mantawa da shi. A Gobero yake, cikin hamadar Tenere ta Nijar. Ku biyo ni.

2/ A shekarar 2000 tawagar Paul Sereno ta je neman ƙasusuwan dinoso, sai ta ci karo da tsohuwar maƙabarta. Kaburbura kusan 200.

3/ Inda yashi ya mamaye yau, da can tafki ne. Mazauna wurin na farko, kimanin shekara 9,000 da suka wuce, masunta ne. Da mashin ƙashi suke sukar giwan ruwa.

4/ Fari ya kore su. Da ruwa ya dawo, wasu mutanen suka zo. An binne wata yarinyarsu da awarwaron hauren dorina a dantse. Dorina fa, a Tenere!

5/ Kabarin da na ce nasu ne: mace da yara biyu rungume da juna, sama da shekara 5,000. Burbushin fure da aka gano ya nuna kamar a kan furanni aka kwantar da su.

6/ Daga baya tafkin ya ƙafe ƙaf, kowa ya watse. Duk sanda na ji ana maganar janyewar Tafkin Chadi, wallahi Gobero nake tunawa.