Trp53

Trp53 (suna, namiji, kimiyyar halittu). Ƙwayar gado ce a jikin ɓera, tana kan kromosom na 11. Takwararta a jikin ɗan Adam ita ce TP53, a kan kromosom na 17. Ita ke ba da umarnin ƙera furotin p53, wanda masana suka gano a 1979, cikinsu har da David Lane da Arnold Levine.

Idan hasken rana mai ƙarfi ko guba ya lalata DNA, p53 kan tsayar da rabuwar ƙwayar halitta har a gyara ɓarnar. In abin ya fi ƙarfin gyara, sai ya sa ƙwayar ta kashe kanta kafin ta rikiɗe ta zama ciwon daji.

A 1992 Lawrence Donehower da abokan aikinsa a Houston ta Amurka suka samar da ɓeraye marasa wannan ƙwayar gado. An haife su lafiya lau, amma galibinsu sun kamu da ciwon daji kafin wata shida.

Lamarin bai tsaya ga ɓera ba. Gyaɗa da masara da aka zuba a rumbu ko buhu ba su gama bushewa ba, a Jalingo ko a Kano, sukan yi fumfuna mai fitar da gubar aflatoksin. Wannan guba tana gurɓata TP53 a gurbi na 249, ana kuma yawan samun wannan tabo a masu ciwon dajin hanta a Afirka ta Yamma, musamman masu ɗauke da cutar hanta nau'in B.