Tarihin Hedifon na Situdiyo da Yadda Mai Araha Ya Zama Abin Dogaro

Hedifon, wato 'yan ƙananan lasifikoki guda biyu da ake ratayawa a ka su rufe kunnuwa, ba domin kiɗa aka ƙirƙiro shi ba, domin ya yi shekaru masu yawa a hannun ma'aikatan tarho da na rediyon soja kafin ya shiga ɗakin naɗar waƙa, kuma ko bayan shigarsa an daɗe ana kallonsa a matsayin ƙaramin kayan aiki wanda bai cancanci a zuba masa kuɗi mai yawa ba. Wannan asali nasa shi ne dalilin da ya sa har yau nau'o'in da injiniyoyin sauti suka fi amincewa da su ba su ne mafiya tsada a kasuwa ba, kuma duk mai neman na araha domin naɗar waƙa ko haɗa ta zai fi gane abin da ya kamata ya saya idan ya san matsalar da kowane nau'i ya zo ya warware.

A ƙarshen ƙarni na 19 masu haɗa layin tarho ne suka fara maƙala abin sauraro a kunne domin hannuwansu su sami damar aiki, sannan a shekarar 1895 kamfanin Electrophone na Landan ya fara sayar wa masu hali damar sauraron wasannin dandali daga gidajensu ta wayar tarho. A 1910 wani mutumin jihar Utah ta Amurka mai suna Nathaniel Baldwin ya ƙera hedifon mai kama da na yau a ɗakin girkinsa, rundunar sojan ruwan Amurka kuwa ta zama babbar mai sayensa. Yawancin waɗannan an yi su ne domin a ji magana ko ƙarar saƙon telegiraf, ba su iya fitar da kaurin ganga ko siririn amon goge. Sai a 1937 kamfanin Eugen Beyer na Berlin, wanda yanzu ake kira Beyerdynamic, ya fitar da DT 48, mai aiki da siririyar waya da aka nannaɗe a cikin maganaɗisu, wadda idan lantarkin sauti ya bi ta cikinta takan girgiza wani fallen abu mai laushi ya tura iska zuwa kunne. Wannan tsari shi ne har yanzu yake cikin kusan kowane hedifon mai araha, shi kuwa DT 48 ya yi sama da shekara 70 ana ƙera shi, masu ɗaukar sautin fim suna yawo da shi.

Amma a wancan zamani ɗakin naɗar waƙa ba ya buƙatarsa sosai, saboda mawaƙi da makaɗansa sukan taru ne a ɗaki guda su yi waƙar daga farko zuwa ƙarshe a lokaci ɗaya, kowa yana jin ɗan'uwansa da kunnensa, injiniya kuma yana saurare ta lasifika a bayan gilashi. Abin da ya sauya wannan tsari shi ne ɗori, wato naɗar wani sabon sauti a kan wanda aka riga aka naɗa, dabarar da makaɗin jita Les Paul ya shahara da ita tun ƙarshen shekarun 1940, kuma shi ne kamfanin Ampex ya ƙera wa na'urar tef mai layi 8 a 1957. Daga nan layukan suka yi ta ƙaruwa har suka kai 16 da 24 a shekarun 1970, aka koma naɗar ganga daban, jita daban, murya daga ƙarshe. Wannan ya haifar da wata matsala da ba a san ta ba a da: dole mawaƙi ya ji kiɗan da zai hau, amma ba a son makirufo ɗin da ke gaban bakinsa ya ji shi. Makirufo na naɗar murya yana da saurin kama sauti ƙwarai, ta yadda idan kiɗa ya ɗan tsiyayo ta gefen kunnen mawaƙi, musamman ƙyas-ƙyas ɗin da ake kunna masa domin ya riƙe taki, sai ya shiga layin murya ya zauna, ba a lura da shi sai an zo wurin da kiɗa ya tsaya murya ta rage ita kaɗai, a nan sai a ji shi yana bugawa can ƙasa-ƙasa, kuma a zamanin tef babu yadda za a cire shi sai dai a sake waƙar.

Wannan buƙata ce ta tsara siffar hedifon ɗin naɗa: rufaffen baya, wato wanda ƙoƙon da ke bayan lasifikarsa ba shi da kafa, mai matashi da ke danne kewayen kunne, mai jure faɗuwa da fizgar waya. Ingancin sauti ya zo ne a baya, domin mawaƙi ba hukunci yake yanke wa kiɗa ba, bin sa kawai yake yi. Beyerdynamic DT 100, wanda ya fito a shekarun 1960 ya cika situdiyoyin Ingila da gidajen rediyo, misali ne na wannan tunani, domin ba a yabonsa da daɗin sauti, amma kowane ɓangare nasa, daga waya zuwa matashi zuwa lasifikar kanta, ana iya kwance shi a sa sabo. Irin waɗannan tsofaffin nau'o'i sukan zo da tirjiya mai yawa, om 400 ko 600. Tirjiya ita ce gwargwadon yadda na'ura take hana lantarki wucewa ta cikinta, kuma an so ta da yawa ne domin a iya jona hedifon goma ko ashirin a jikin amfilifaya guda ba tare da ta wahala ba. Wannan gado yana nan yana ruɗa masu saye, domin wanda ya ɗauki mai om 250 ya jona a waya ko ƙaramar kwamfuta zai ji sautin ya yi sanyi, ya zaci kayan ne ba su da kyau, alhali ƙarfin da zai tuƙa su ne babu.

Reshe na biyu na wannan tarihi daga gidajen masu sauraro ya fito. Bayan faifan sitiriyo, mai raba sauti hagu da dama, ya shiga kasuwa, John Koss na birnin Milwaukee ya fitar da hedifon na sitiriyo mai suna SP/3 a 1958, sannan a 1968 kamfanin Sennheiser na Jamus ya zo da HD 414, wanda ya bar bayan lasifikar a buɗe iska tana shiga tana fita. Buɗe bayan yana kawar da amsa-kuwwar da rufaffen ƙoƙo kan tara, sauti ya fito a sake, kunne kuma bai cika gajiya ba, sai dai duk wanda ke kusa zai ji abin da ake ji, saboda haka ba ya da amfani a gaban makirufo. An sayar da HD 414 sama da miliyan 10. A 1975 kamfanin AKG na Vienna ya bi hanyar tsakiya da K240, wanda bayansa rabi a buɗe yake, ya kuma zama ɗaya daga cikin waɗanda aka fi gani a situdiyo. Tun daga lokacin hedifon ya rabu gida biyu, rufaffe domin naɗa, buɗaɗɗe domin dogon saurare da yanke hukunci, kuma babu wani farashi da ya taɓa goge wannan rabuwa gaba ɗaya.

Duk da haka haɗa sauti, wato daidaita ƙarfin kowane layi da matsayinsa da launinsa har waƙa ta zama abu guda, ya ci gaba da zama aikin lasifika, kuma injiniyoyi suna da hujja. Idan mutum yana gaban lasifikoki biyu kowane kunnensa yana jin dukansu, amma a hedifon kunnen hagu ba ya jin abin da ke dama ko kaɗan, don haka faɗin waƙa yakan yi kamar ya fi yadda yake, kaurin bes kuma, wato amon ƙasa na kiɗa wanda ake ji har a ƙirji a ɗaki, yakan yi wuyar aunawa. Abin lura shi ne ko a lasifikar ma ba mafi tsada suka fi dogara da ita ba, domin ƙaramar Auratone da Yamaha NS-10, wadda aka fitar a 1978 domin amfanin gida, su ne suka zauna a kan teburan manyan situdiyoyi, saboda suna tona aibin waƙa kuma kowa ya san halinsu. Wannan ɗabi'a ta fifita abin da aka sani a kan abin da ya fi daɗi ita ce daga baya ta koma kan hedifon.

A 1979 abubuwa biyu suka fito daga Japan da suka karkata akalar sana'ar: Walkman na Sony, wanda ya mayar da miliyoyin mutane masu sauraro ta kunne, da Portastudio na TEAC, wanda ya ba mawaƙi damar naɗar layi 4 a kan kaset a ɗakin kwanansa. A 1985 Sony ya fitar da MDR-V6, Beyerdynamic kuma ya fitar da DT 770, sannan a 1991 MDR-7506 na Sony ya biyo baya, wanda ya cancanci a tsaya a kansa. Baƙi ne marar ado, yana naɗewa ya shiga 'yar jaka, wayarsa murɗaɗɗiya ce mai nauyi wadda ba a cire ta, tirjiyarsa om 63 ce, don haka kusan kowace na'ura tana iya tuƙa shi, fatar matashinsa kuma takan fara ɓarewa bayan 'yan shekaru ta bar baƙin ɓurɓushi a kunne, sai a sayi sabon matashi a ci gaba da aiki. Sautinsa ba daidaitacce ba ne, yana ɗaga sashen sama, shi ya sa tsakin harafin "s" da hucin waya da ƙarar numfashi suke fitowa fili a cikinsa, abin da mai sauraron nishaɗi zai ƙi amma mai gyaran murya yake nema. Farashinsa ya daɗe a wajen dala 100, kuma Andrew Scheps, ɗaya daga cikin fitattun masu haɗa sauti na wannan zamani, ya sha bayyana cewa da shi yake haɗa waƙoƙi da yawa, saboda kunnensa ya san shi ciki da waje.

Da kwamfuta ta maye gurbin tef a shekarun 1990, ta hanyar manhajoji irin su Cubase da Pro Tools da FruityLoops, situdiyo ya koma ƙananan ɗakuna waɗanda ba a gina su domin sauti ba, inda bango yake mayar da bes ya ninka shi a wani wuri ya shafe shi a wani. Gyara irin wannan ɗaki ya fi sayen hedifon mai kyau tsada nesa ba kusa ba, don haka haɗa sauti a kunne, wanda a da ake ganin kasawa ce, ya zama hanya mafi hankali ga mai ƙaramin ƙarfi. Kasuwa ta amsa da Audio-Technica ATH-M50 a 2007, da ire-iren na kamfanonin Superlux da Samson da suka kwaikwayi siffar K240 a farashi ƙasa da nasa, shi kansa K240 ɗin aka mayar da ƙera shi China ya ƙara sauƙi. Sai dai a daidai wannan lokaci kalmar situdiyo ta zama ta talla, musamman bayan fitowar hedifon ɗin Beats a 2008, aka cika kasuwa da hedifon masu kumbura bes domin su burge mai saye a minti na farko. Irin waɗannan suna cutar da mai haɗa sauti kai tsaye, domin wanda ya ji bes ya yi yawa a kunnensa zai rage shi, waƙar kuma ta fita duniya a rame.

Tambayar ko wane sauti ne daidai a hedifon ba ta da amsa mai sauƙi, domin siffar kai da ta kunne suna sauya sautin da ya zo daga nesa, hedifon kuwa yana tsallake wannan hanya, saboda haka dole maƙera su kwaikwaye ta. Binciken da Sean Olive da abokan aikinsa suka fara bugawa a kamfanin Harman wajen 2012 ya nuna cewa mafi yawan masu sauraro sun fi son hedifon da sautinsa ya yi kama da na lasifika mai kyau a ɗaki mai kyau, wani binciken nasu kuma ya nuna cewa dangantakar farashi da daidaiton sauti ba ta da ƙarfi. Manhajoji irin na kamfanin Sonarworks na ƙasar Latbiya suna amfani da awon kowane nau'i su gyara karkatarsa, abin da ya ƙara matso da mai araha kusa da mai tsada.

Waƙar Hausa ta bi wannan hanya a cikin ɗan gajeren lokaci. Makaɗa irin su Mamman Shata sun naɗi waƙoƙinsu ne tare da masu kalangu da 'yan amshi a zama ɗaya, amma daga shekarun 1990, da fiyanon Yamaha ya shiga situdiyoyin Kano tare da bunƙasar finafinan Hausa, sai aka koma buga kiɗa tukuna mawaƙi ya zo ya ɗora murya, daga nan hedifon ya zama dole. Yanayin waɗannan ɗakuna yana sa tsohon ma'aunin situdiyo ya fi na talla amfani, domin ƙarar janareta da ta titi suna sa rufaffen baya ya fi dacewa ko da wajen haɗawa, zafi da gumi suna cinye fatar matashi da wuri, ƙaramar na'urar sauti da ake jonawa a kwamfuta ta fi jituwa da tirjiyar om 32 zuwa 80, shahararrun nau'o'i kuma su ne aka fi yi wa jabu, wanda a ido yake kama da na asali amma a kunne ba shi ba ne. Tun da yawancin masu sauraron waɗannan waƙoƙi ta lasifikar waya da iyafis da rediyon mota suke jin su, ƙwararru a sana'ar sukan gwada abin da suka haɗa a kan waɗannan na'urori kafin su miƙa wa mai waƙa.