Sifili Daban, "Ba a Sani Ba" Daban

Ka ɗauka kai ne mai rubuta yawan ruwan sama kullum. Ran Litinin ko ɗigo ba a yi ba, ka rubuta 0. Ran Talata ma'aunin ya lalace. To, me za ka rubuta? In ka sake sa 0 ka yi ƙarya, don wataƙila kwana aka yi ana tafka ruwa.

Wannan matsala ta daɗe tana ci wa masu kwamfuta tuwo a ƙwarya. Tun zamanin da ake adana bayanai a kati mai huji, gurbin lamba lamba kaɗai yake karɓa. Sai aka riƙa zaɓen wata lamba da ba a sa ran gani, kamar 99 ko -999, ta tsaya a madadin "ba a sani ba". Amma ita kwamfuta ba da ita aka yi yarjejeniyar ba. Wanda ya manta ya haɗa -999 cikin lissafi, sai ka ga ruwan saman wata guda ya koma ƙasa da sifili!

Edgar Codd na kamfanin IBM, wanda ya kawo tsarin ajiye bayanai cikin jadawali a 1970, ya ba da mafita a 1979: a yi alama ta musamman wadda ba lamba ba ce. Ita ce NULL da ke cikin harshen SQL, wanda aka daidaita ƙa'idojinsa a 1986. In ka tambayi SQL ko NULL ya fi 5, ba zai ce eh ko a'a ba, amsarsa ita ce ba a sani ba. Wajen fitar da matsakaici kuwa tsallake shi yake yi. A 1990 Codd ya ƙara cewa alama ɗaya ba ta isa ba: lalataccen ma'auni daban, garin da ba shi da ma'auni daban.

Har yau dai ba a rabu da Bukar ba. A teku, kudu da Ghana, inda layin 0 ya haɗu da layin 0 a taswira, nan manhajoji ke jibge wuraren da aka cike gurbinsu da sifili. Masu taswira har suna suka raɗa masa, Tsibirin Null, alhali ruwa ne zalla.

Don haka in aka ba ka jadawali, kafin ka fara lissafi, tambayi wanda ya cike shi: ranar da ba ku auna ba, me kuka rubuta?