Dara da Shaɗaranji a Samaru

Tun kafin a kafa Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru a 1962, har ɗalibai su rungumi shaɗaranji, wanda Turawa ke kira ces, mutanen ƙasar Zazzau sun daɗe suna haƙa gurabu talatin a gindin bishiya, kowa da 'ya'yansa goma sha biyu, wannan da tsinke wancan da tsakuwa, suna gwada basira a dara. Shi kuwa shaɗaranji, daga ƙasar Hindu ya taso, ya ratsa Farisa, ya zauna a Bagadaza, inda gwanaye irin su Al-Suli suka tsara hanyoyin buɗe wasa, har ya iso fadar Barno da sunan tsatsarandi.

A wasannin biyu akwai mas'ala guda da ke jarraba mai bi na biyu, wato abin da zai yi idan abokin hamayyarsa ya fara da baƙon zubi daga gefe, kamar yadda gwanin shaɗaranji Tartakower ya yi wa takwaransa Maroczy a Niyok a 1924. Nasihar masana ita ce ya natsu, ya kama tsakiyar fage, ya fito da mayaƙansa bisa tsari, kada ya yi gaggawar cin abin da aka miƙo masa sai ya tabbata ba tarko ba ne, domin gaggawa aikin Shaiɗan ce.